Littafin Ƙarƙashin Matashi da Masu Ɗokin Ƙona Shi

Akwai wata irin shari'a da ake yankewa a gidajen Hausawa ba tare da an kira shaidu ba, wanda ake ƙara kuwa ba shi da bakin kāre kansa, gama littafi ne. Uwa tana shara ta ɗaga matashin kan 'yarta, sai ga ɗan littafi mai siririn bango, an zana saurayi da budurwa, can bayansu kuma ga inuwar wani mutum riƙe da wuƙa. A miƙa wa maigida. Ba ya buɗewa, balle ya karanta ko shafi guda. Daga hannunsa sai murhu. Yanzu da yawancin littattafan suka koma cikin wayar hannu, wayar ce ake ƙwacewa, amma hukuncin bai sāke ba. Wannan hali sananne ne a Kano da Zariya da Katsina, bai kuwa tsaya a bakin iyaka ba, ya bi Hausawa har zangunansu na arewacin Jamhuriyar Benin, irin su Parakou da Djougou. A Kano asarar ba ta wuce ta littafi guda ba, domin gobe yarinyar za ta ga Hausa a rubuce a allon makaranta da jikin motoci. A Parakou da Djougou kuwa abin da wutar take ci ya fi takarda nesa ba kusa ba, shi ya sa ya kamata a ɗaukaka wannan ƙara.

Da farko sai a san wanda ake tuhuma. Cikin tarin littattafan da ake kira na soyayya akwai wani reshe da ke tufka igiya biyu wuri guda: igiyar so da igiyar sirri. Labarin yakan fara da baƙo. Ya sauka gari da mota da kuɗi da ladabi, ya ga yarinya, ya aika da manya. Kowa yana yabonsa. Amma akwai ɗaki guda a gidansa da ba a buɗewa, ko wani hoto da ya ɓoye cikin akwati, ko wata tsohuwa da ta gan shi a kasuwa ta kira shi da wani suna dabam. Daga nan kowane taki da yarinyar ta yi zuwa ga ƙaunarsa, taki ne zuwa ga abin da yake ɓoyewa. In marubucin gwani ne, mai karatu ba zai san ko ya yi wa yarinyar murna ko ya ce ta gudu ba sai an kusa rufe littafi. Wani lokaci baƙon mugu ne. Wani lokaci kuwa shi aka zalunta, mugun yana zaune cikin dangin yarinyar ana gaishe shi da safe. Turawa ma suna da irinsa tun tuni: a Ingila an buga Jane Eyre a 1847, inda ango yake da matar da ya kulle a saman bene, an kuma buga Rebecca a 1938, inda amarya ta tarar inuwar matar da ta mutu ta cika gidan. Sai dai Bahaushen zango ba ya bukatar Bature ya koya masa wannan labari. Labarin gidansu ne.

Mai karatu ya tuna yadda aka yi Hausawa suka zauna a waɗannan garuruwa. Tun kafin zuwan Faransawa, ayarin fatake yakan tashi daga Kano da jakuna da takarkari, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, ya haye Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, ya nufi Gwanja sayen goro a kasuwar Salaga. Nikki da Parakou da Djougou duk mashaya ce a kan wannan hanya. Tafiyar takan ci watanni, wani ya shekara bai koma ba, wani kuma bai koma ba har abada. A Djougou sarakunan ƙasa suna zaune a Kilir, baƙi 'yan kasuwa kuwa suna tasu unguwa da ake kira Wangara. Falke yana sauka wurin maigida, shi ne zai ba shi masauki, ya yi masa dillanci, ya tsaya masa in rigima ta taso. Sau da yawa kuma a gidan nan falke yake ganin matar aure. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya karya waccan kasuwa, daga baya titin jirgin ƙasa ya taso daga Kwatano ya tsaya a Parakou a 1936, kilomita 438 daga bakin teku, garin ya zama wurin sauke kaya a loda wa manyan motoci masu zuwa Kandi da Malanville da Nijar. Jaki ya ba mota wuri, amma baƙo bai daina sauka ba. Har sunan babbar kasuwar Parakou, Arzeke, kunnen Bahaushe ba ya bukatar tafinta kafin ya ji arziki a ciki.

To, a garin da rabin masu neman aure daga wata ƙasa suke, wace tambaya ce ta fi nauyi a zauren uba? Ita ce: wane ne shi, ɗan wa ne, me ya baro a can? Al'adar Hausawa ta tanadi bincike kafin a karɓi kuɗin gaisuwa. A cikin birnin Kano binciken mai sauƙi ne, a aika ƙane ko kawu unguwar su yaron, kafin la'asar an ji har sana'ar kakansa. A zango fa? Mutum ya ce shi ɗan Maraɗi ne, ko ɗan Birnin Kebbi, ko ɗan Kumasi, wa zai biya kuɗin mota ya je ya gano? Sau nawa aka ɗaura aure bisa shaidar abokin kasuwanci guda, wanda shi ma a tasha ya san angon? Kowace unguwar baƙi tana da tarihin matar da ta tare ta tarar da uwargida da 'ya'ya biyar da ba a taɓa ambata ba, da wadda direba ya bari da ciki ya ce zai kai kaya ya dawo. Dattawan zango sun fi kowa sanin waɗannan labarai, gama a gabansu ake kawo kukan. Abin mamaki, littafin da yake koya wa yarinya ta tambayi abin da ke cikin kullallen ɗaki kafin ta ce ta yarda, shi ne suke jefawa wuta. Idan akwai wani malami da yake karantar da 'yan mata bincike kafin aure a harshen da ke shiga kunnensu, to, wannan ɗan littafi ne, ba ya kuwa karɓar kuɗin Laraba.

Masu ƙona littafi suna da hujjojinsu, ya kamata a saurare su ɗaya bayan ɗaya, ko da yake su ba su saurari littafin ba.

Sukan ce baƙon abu ne, finafinan Indiya ne aka juye cikin Hausa. Lalle akwai marubutan da suka sha daga Indiya har suka ƙoshi, ba mai musun wannan. Amma soyayya mai tafe da sirri ta riga sinima shiga adabin Hausa na boko. Cikin littattafan farko da Hukumar Talifi ta Zariya ta fitar a tsakiyar shekarun 1930, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, akwai Jiki Magayi, wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da Rupert East. Me ke cikinsa? Saurayi talaka, Abubakar, yana son Zainabu, attajiri ya aure ta da ƙarfin dukiya, saurayin ya shiga duniya neman abin ramuwa, ɗan da aka haifa ya tashi ɓarawo, har ya kai ga kashe ubansa bai san shi ne ba. So da ramuwa da ɓoyayyen asali da jini, duk suna nan. An yi shekaru ana karantar da wannan littafi a makarantu, iyayen masu ƙona littattafai na yau sun ci jarrabawa da shi. A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, ba wanda ya ɗauko ashana. Rigima ta taso ne sa'ad da tattalin arziki ya karye, manyan kamfanoni suka daina buga ƙagaggun labarai, matasan Kano maza da mata suka shiga buga nasu da kuɗin aljihunsu suna kai wa kasuwa. Watau laifin ya fara ne ranar da littafi ya fita hannun hukuma ya shiga hannun 'yar talaka.

Shekarun 1990 sun ga muhawara mai zafi a shafukan jaridun Nasiha da New Nigerian. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa waɗannan rubuce-rubuce suna Adabin Kasuwar Kano, su Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu suka tsaya musu. Wannan faɗa ne na mutanen da suka karanta abin da suke gardama a kai, saboda haka ya amfani kowa, har marubutan. Abin da ya biyo baya ne bai amfani kowa ba. A 2001 aka kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i ta Jihar Kano, a 2007 kuma hukumar A Daidaita Sahu, a zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, ta tara littattafan Hausa da aka karɓe daga hannun 'yan makaranta mata aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Ina sakamakon? 'Yan mata ba su daina karatu ba. Kasuwar littafin takarda ce ta yi ta ja da baya, labarai suka koma WhatsApp da Facebook da Wattpad da masu karantawa a YouTube, inda marubuci yake ɓoye sunansa, ba edita, ba maɗaba'a, ba mai kantin da zai ji kunyar sayarwa. Littafin da Ado Ahmad Gidan Dabino ya sa sunansa da adireshinsa a bango, kowa ya san inda zai same shi in ya yi ba daidai ba. Na cikin waya fa, wa za a kama? An kori kare mai haushi, an bar ƙofa a buɗe ga kura.

Sukan kuma ce littattafan suna lalata tarbiyya, suna koya wa yara bijire wa iyaye. A nan dole a raba tsaki da tsakuwa. Akwai na banza, suna da yawa kuwa. Akwai masu cika shafi da batsa domin su tara masu biyan kuɗin shiga zauren waya. Akwai 'yan damfarar alƙalami, waɗanda labarin da bai wuce shafi tamanin ba sai su ja shi littafi na ɗaya, na biyu, har na huɗu, kowanne a tsaya daidai inda aka ɗaga wuƙa. Akwai kuma ragwaye, waɗanda za su ƙulla sirri har mai karatu ya hana idonsa barci, sa'an nan a shafin ƙarshe a ce ai boka ne ya yi, ko aljani ne ya ɗauke gawar, ko ashe duk mafarki ne. Wannan cin amana ne, domin alkawarin da ke tsakanin marubucin sirri da mai karatunsa shi ne an ajiye alamu a hanya, mai hankali zai iya tsinta. Waɗannan duka sun cancanci a yi musu tatas. Amma wa zai yi musu? Sai wanda ya karanta. Uban da bai buɗe littafi ba bai san ko Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu ya ƙona ba, labarin yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho, ta sha wuya, ta koma karatu har ta zama abin alfaharin waɗanda suka raina ta. Ita marubuciyar an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, ta san abin da take faɗa. Wani littafinta, Alhaki Kuykuyo Ne, an fassara shi da Turanci an buga a Indiya a 2012, ƙasar da ake cewa daga can aka sato komai. Game da bijirewa kuwa, In Da So Da Ƙauna na 1991 ya nuna yarinyar da aka matsa wa auren mai kuɗi ta faɗa rijiya. Wanda ya ce littafin ne ya haƙa rijiyar bai yi adalci ba. Auren dole ya girmi littafin da shekaru aru-aru, rijiyoyin ma haka.

Yanzu sai a zo ga abin da ya sa maganar Parakou da Djougou ta bambanta da ta Kano, shi ne kuma abin da ya fi ciwo.

A ɗauki misalin yarinya 'yar shekara goma sha shida a unguwar Zongo ta Parakou, ko a Djougou, kimanin kilomita 135 yamma da can, kusa da iyakar Togo. Da safe tana makarantar gwamnati, da Faransanci ake koya mata komai, daga lissafi har tarihi. In ta fita kasuwa Dandanci ne harshen ciniki, ga kuma Barbanci a Parakou, ga Yom da Lokpa a Djougou. Da yamma tana makarantar allo ko ta Islamiyya, haruffan Larabci ne a gabanta. Hausa tana nan a bakin kaka da cikin tsakar gida da waƙoƙin da ke tashi daga shagon mai sayar da finafinai. A rubuce fa? Ba darasinta a jadawalin makaranta, ba jaridarta a bakin titi. In ta so rubuta saƙo da Hausa sai ta ari rubutun Faransa, ta sa ou a wurin u, ta sa tch a wurin c, ƙ da ɗ da ɓ kuwa ba ta taɓa ganinsu ba. A zamanin Mathieu Kérékou, a 1975, an tsara haruffan rubuta harsunan ƙasar Benin, aka yi ta yaƙi da jahilci a harsunan gida, amma tsara haruffa dabam, samun abin karantawa mai daɗi dabam. Ba wanda ya taɓa ƙwarewa a karatu da takardar koyon sa taki a gonar auduga. Mutum yana iya karatu ne ranar da ya ƙosa ya san abin da ke shafi na gaba.

Wannan ƙosawa ita ce dukiyar littafin so da sirri. Yarinyar za ta fara da ƙyar, tana haɗa baƙi tana tuntuɓe a kan ƙugiyar ƙ, amma tana so ta san wa ya aiko da wasiƙar da ba sa hannu, saboda haka ba za ta ajiye ba. Kafin ta gama littafi na uku ta iya karanta Hausar boko ba malami. Ta tsinci kalmomin da suka fara ɓacewa a zango, ta ji yadda ake gaisuwar surukai da yadda ake zaman makoki a garin kakanninta, ta koyi karin maganar da ko uwarta ta manta. Gobe in aka kawo wasiƙa daga dangi na Sakkwato, ko aka turo dogon saƙo a waya, ita za a kira. Wadda ta iya karanta labarin soyayya ta iya karanta Magana Jari Ce, ta iya karanta fassarar littattafan addini, ta iya karanta takardar asibiti in ta haye iyaka. Ƙofa ɗaya ce.

In kuwa aka ƙwace, kada maigida ya yi zaton 'yarsa za ta zauna tana jan carbi. Za ta ci gaba da karatu, sai dai da Faransanci. Littattafan Harlequin sun daɗe suna yawo a ƙasashen da Faransa ta yi wa mulki, tun 1998 kuma ga jerin Adoras da ake bugawa a Abijan, ga wasannin talabijin na Brazil da Mexico da Indiya da aka juya da Faransanci. A cikin na Turai ba waliyyi, ba sadaki, ba kawun da za a aika bincike. Littafin Kano, ko mafi rauni a cikinsu, yawanci a ɗaurin aure yake ƙarewa, da goro da alewa da albarkar iyaye. Ga kuma abin dariya mai sa kuka: in maigida ya ga littafin Faransanci a hannun 'yarsa sai ya ɗauka na makaranta ne, har ya sa mata albarka. Littafi ɗaya tak da zai fahimta in an karanta masa, shi ne ya ƙona.

Har samun littafin ma ba sauƙi gare shi ba. Na takarda sai wani ɗan kasuwa ya cusa 'yan kaɗan cikin kayan atamfa ko na turare daga Kano, ta Kamba ko ta Chikanda. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 kuma ya jawo rufe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya. Duk lokacin da aka toshe hanya ana lissafin asarar shinkafa da albasa da man fetur, ba mai lissafin littafi. Abin da ya ratso duk wannan ya iso hannun yarinya a Djougou, ta biya da sefar da ta tara daga kuɗin tara, ƙawaye goma suna layi a bayanta, bai cancanci ashana ba.

Ƙungiyoyin Hausawan zango da suke tara kuɗi domin bikin sallah da tarbar manyan baƙi, da sun ware kaɗan sun sayi akwati guda na zaɓaɓɓun littattafai sun ajiye a wani shago ana haya, da sun yi wa harshensu aikin da jawabin shekara goma bai yi ba. Malaman Islamiyya mata, waɗanda 'yan mata suke sakin jiki da su, su ne suka fi dacewa su karanta su tace, su ce wannan a karanta, wancan shara ne, ga kuma dalili. Tun 2016 sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta gajerun labarai domin mata. Ba abin da zai hana wata 'yar Parakou shiga irin wannan fage da labarin falken da ya sauka gidan kakanta da suna biyu, in dai an bar ta ta koyi haruffan.

Amma abu mafi sauƙi yana hannun maigida, ba ya kuwa cin ko dala. A ce yau an kawo masa littafin daga ƙarƙashin matashi, maimakon murhu sai ya shimfiɗa buzunsa bayan sallar isha, ya ce, "Ke, zo nan ki karanta mini in ji abin da ke hana ki barci." Za ta zo jiki na rawa, ta durƙusa, ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, na ƙawata ne." Ya ce ta karanta dai. In batsa ce, kafin shafi uku muryarta za ta sarƙe, shi da ita duk sun san hukunci, ba kuwa za ta sake kawo irinsa gidan ba. In na kirki ne, wajen shafi na arba'in za a ji maigida ya gyara zama, ya ce, "Tsaya. Wannan Alhajin, me ya sa ba ya yarda a shiga ɗakin nan? Ni tun da ya ce ba shi da kowa a garinsu ban yarda da shi ba. Ci gaba." Ita kuwa ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, nan na ɗaya ya ƙare. Na biyun yana wurin Inna, ita ta karɓa jiya ta ce in karanta mata."